Kwamfutar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannun Mutum Ɗaya

A shekarun 1920, a Jami'ar Hamburg da ke Jamus, Farfesa Otto Stern ya kafa wa abokinsa Wolfgang Pauli doka: kada ya kuskura ya taka ɗakin gwaje-gwajensa. Ba faɗa suka yi ba. Dukansu manyan masana fiziya ne, kuma daga baya kowanne ya ci kyautar Nobel, Stern ta 1943, Pauli ta 1945. Abin da ya jawo dokar shi ne sunan da Pauli ya yi a tsakanin abokan aiki, wai da zarar ya shigo wuri sai na'ura ta tsaya, gilashi ya fashe, gwajin da aka sha wuyar haɗawa ya wargaje. Masanin fiziya George Gamow ya kawo wani labari a littafinsa na 1966. Wata rana wata na'ura mai sarƙaƙiya ta rushe a ɗakin gwajin James Franck a Gottingen, ba gaira ba dalili. Franck ya rubuta wa Pauli wasiƙar barkwanci zuwa gidansa a Zurich. Da amsa ta zo, sai ga kan sarki na Danmak a jikinta. Pauli ya ce ziyara ya kai wa Niels Bohr a can, kuma a daidai lokacin da na'urar ta rushe jirgin ƙasan da yake ciki yana tsaye a tashar Gottingen.

Abokansa sun ɗauki abin raha. Shi Pauli da gaske ya yarda.

Kusan duk ofishin da ke da kwamfutoci da yawa yana da irin nasa Paulin, kuma masu gyara sun haddace yadda abin yake tafiya. Ma'aikaciya ta aika a kira injiniya, ta ce kwamfutarta tana mutuwa ana tsakiyar aiki, ba gargaɗi ba sallama. Ya zo ya zauna, ya buɗe wannan ya rufe wancan, ya yi rabin awa yana jira ta mutu, ta ƙi. "Hajiya, ai lafiyarta ƙalau," in ji shi, ya saɓi jakarsa. Bai kai bakin ƙofa ba allo ya yi baƙi. A canza caja, a canza batir, a goge komai a sake ɗora Windows, har oga ya gaji ya sa hannu a sayo sabuwa fil. Kwana biyu sabuwar ta ɗauko halin tsohuwar. Ita kuma tsohuwar, da aka ba wani a ɗaki na gaba, tana can tana aiki ko tari ba ta yi.

Daga nan sai magana ta bar hannun injiniya ta koma bakin 'yan ofis. Wasu su ce hannunta ne ba shi da kyau, wasu su rage murya su ambaci farar ƙafa, a samu mai ba da shawarar a yi wa teburin hayaƙi. Mai gyara, da yake ganin ya fi ƙarfin camfi, yana da nasa hukuncin: ko dai ba ta iya ba, ko gudun aiki take yi. Su duka jirgi ɗaya ya kwaso su, domin kowanne ya rufe bincike a daidai inda ya kamata ya fara. Ruwa ba ya tsami banza. In matsala ta bar kwamfuta ta bi mutum, an samu babbar shaida a kyauta. Injin ya fita daga zargi. Saura abin da mutumin yake sanye da shi, abin da yake zama a kai, abin da yake jonawa, da yadda yake aikinsa.

A fara da wuyan hannu. Laftof tana sanin an rufe murfinta ne ta wata 'yar mitsitsiyar na'ura mai jin maganaɗisu, wadda ke aiki da abin da Edwin Hall ya gano a Jami'ar Johns Hopkins a 1879. A ƙira da yawa an ɓoye ɗan maganaɗisu a gefen allo, na'urar kuma tana ƙasa, a gefen madannai ko kusa da inda ake ɗora tafin hannu. Murfi ya sauko, biyun su kusanci juna, kwamfuta ta yi barci. To, na'urar ba ta da ido. Ba ruwanta da ko maganaɗisun na murfi ne, ko na maɗaurin agogo, ko na awarwaron nan da ake talla da sunan maganin ciwon gaɓoɓi, ko na maɓallin jakar hannu, ko na 'yan maƙalan da mata ke kama mayafi da su yanzu a madadin fil. Yawancin wayoyin iPhone tun daga samfurin 12 na shekarar 2020 suna da zoben maganaɗisu a bayansu. Kamfanin Apple da kansa ya sanar da masu laftof ɗinsa cewa ajiye abu mai maganaɗisu a kanta ko a ƙarƙashinta yana iya sa ta barci ba zato. Har wadda aka ɗora a kan wata rufaffiyar laftof takan yi haka, abin da ke rikita yaran shagon gyara a duk inda teburi ya yi kaɗan.

Shi ya sa injiniya ba ya ganin komai. Agogon roba ne a hannunsa, ko ma ba ya ɗaura agogo, ita kuma Hajiya da ta tashi ta ba shi wuri ta tafi da awarwaronta. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ɗauki abin da ake zargi a bi gefunan laftof da shi a hankali. Inda allo ya ɗauke, nan na'urar take.

Wannan ya kawo tambayar da ya kamata a fara yi amma ba kasafai ake yi ba. Da ta ce "ta mutu", me ya faru takamaimai? A wurin mai aiki, allo ya yi baƙi shi ne mutuwa. Amma mai yiwuwa barci kwamfutar ta yi. Mai yiwuwa allon kaɗai ya ɗauke, fanka tana nan tana juyawa. Mai yiwuwa umarni aka ba Windows ta rufe kanta cikin tsari, ko kuwa wuta ce ta yanke ɗif. Kowanne hanyar bincikensa daban, kuma Windows tana rubuta yawancinsu a wani kundi da ake buɗewa da Event Viewer, inda kowane lamari ke da lamba da lokaci har zuwa daƙiƙa.

Lamba 42 daga Kernel-Power tana nufin barci, kuma ana rubuta dalilinsa. In aka ga an ambaci maɓalli ko murfi alhali ba wanda ya taɓa murfin, sai a koma kan wuyan hannu. Sababbin laftof da yawa lamba 506 suke rubutawa a irin wannan hali. Lamba 1074 ita ce mai tonon silili, domin tana faɗin sunan manhajar da ta ba da umarnin kashewa da sunan asusun da aka yi aikin da shi. In ita ke fitowa, to ba jikin mutum ba ne, asusunsa ne: wani aiki da aka tsara ya tashi da zarar ya shiga, ko manhajar da ya sauke, ko abokin aiki mai wasan banza da ya dasa masa umarnin kashewa ya koma gefe yana dariya. Lamba 41 da 6008 kuwa abin da suke cewa kawai shi ne kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya dace ba. Masu gyara da yawa da sun ga 41 sai su ce sun kama ɓarawo, su aika a sayo sabon akwatin wuta. Ba su kama kowa ba. Lamba 41 sanarwar rasuwa ce, ba ta faɗin ciwon da ya yi ajali. Sai dai a cikin bayananta akwai wani gurbi mai suna PowerButtonTimestamp, wanda Microsoft ta bayyana cewa in ba sifili ne a wurin ba, to danne maɓallin wuta aka yi aka riƙe. Kimanin daƙiƙa huɗu ya isa. Gwiwar dogon mutum a ƙarƙashin ƙaramin teburi tana iya wannan aikin, haka gefen jaka ko tulin fayil da aka jingina.

In lamba 41 ce ke fitowa tsurarta, ko allo ne ke ƙiftawa ya dawo, sai a dubi kalanda. Duk wanda ya yi hunturu a Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram ya san abin nan: ka kai hannu ƙofar mota ka ji tsat, ka yaye bargo cikin duhu ka ga tartsatsi, ka miƙa wa mutum hannu ku duka ku zabura. Lantarki ne da gogayya ke tarawa a jiki, tsakanin tafin takalmi da kafet, tsakanin rigar sanyi da soson kujera. In iska tana da laima yakan zurare a hankali ba a sani ba. In ta bushe sai ya taru yana jiran ƙarfe. Alƙaluman ESD Association, ƙungiyar masana wannan fanni a Amurka, sun nuna girman bambancin. Tafiya a kan kafet lokacin da laimar iska take tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari tana iya tara volt 35,000, amma a kashi 65 zuwa 90 volt 1,500 ne kawai. Kujera mai soso tana kaiwa 18,000 a busasshiyar iska. A Kano laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana tsakanin Disamba da Fabrairu, ta haura 70 a Agusta. Ofis ɗaya, ma'aikaci ɗaya, kwamfuta ɗaya, amma matsalar ta zo da hazo ta tafi da ruwan farko, mai gyara kuma ya ɗauka fankar da ya canza a Afrilu ce ta yi magani.

Adadin yana da ban tsoro, amma wutar kaɗan ce kuma tana wucewa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa ba ta kisa. Mutum ba ya ma jin ta sai ta kai wajen volt 3,000, alhali akwai sassan cikin kwamfuta da ƙasa da volt 100 ke lalatawa. Ma'aikaci zai iya rantsewa, kuma da gaskiyarsa, cewa bai ji komai ba, bayan yatsansa ya sauke volt 2,000 a bakin ramin USB. Masu ƙera kwamfuta sun san da haka. Kayan da aka yi bisa ƙa'idar Turai ana gwada su da volt 4,000 ta taɓawa da 8,000 ta tartsatsi a iska. Amma jikin mutum a hunturu yana iya zarce wannan nesa ba kusa ba, kuma kwamfutar teburi tana bukatar hanyar da za ta zubar da wutar zuwa ƙasa. Aikin doguwar ƙafar nan ta sama a fulogi mai ƙafa uku ke nan. A leƙa ƙarƙashin teburan ofisoshinmu a gani: wani ya karye ƙafar, wani ya tura murfin biro a ramin sama domin ya cusa fulogi mai ƙafa biyu, wani kuma soket mai araha ya saya wanda in aka kwance shi waya biyu ce kawai a ciki. Gine-gine da yawa ma ba a binne musu sandar ƙarfen da wayar ta uku za ta sauka a kai ba.

Me ya sa mutum ɗaya, ga ofis cike da jama'a suna shaƙar iska iri ɗaya? Domin tara wutar ya danganta da tafin takalmi, yadin tufafi, bushewar fata, har da yadda mutum ke jan ƙafa in yana tafiya. Mai kaftanin auduga da takalmin fata ba zai tara abin da mai rigar sanyi ta roba da silifas zai tara ba.

Sai kujera, wadda ba mai zarginta. A 1993 wani injiniyan Bell Labs mai suna Doug Smith ya gabatar da takarda a taron masana wannan fanni, inda ya nuna cewa wasu kujerun ofis suna yin tartsatsi a cikin jikinsu in mutum ya tashi, kuma tartsatsin yana watsa igiyar lantarki da ke shiga na'urorin da ke kusa ba tare da an taɓa su ba. Yakan ci gaba na wasu daƙiƙoƙi bayan mutum ya bar wurin. Kamfanin DisplayLink, mai fasahar haɗa kwamfuta da ƙarin allo, ya sanya wannan a cikin bayanan da yake ba abokan cinikinsa: zama ko tashi daga kujera mai hawa da sauka yana iya ɗauke hoto, domin wayar allon tana kama igiyar. A 2023 wani mai rubuta manhaja a Jamus ya gano cewa kujerarsa ƙirar Markus ta kamfanin IKEA ce ke ɗauke masa allo, mutane da dama suka fito suka ce su ma haka suke fama. A nan ba faɗuwa ce ta zo daidai da zama ba, zaman ne ya jawo faɗuwar.

Maganin duk wannan bai kai kuɗin sabon batir ba. A yi musayar kujera da wani na kwana biyu. A sa gajeriyar wayar allo mai kauri, irin mai ƙullutu kusa da bakinta. Mutum ya saba taɓa ƙarfen taga kafin ya taɓa kwamfuta. A kira mai gyaran wuta ya auna wayar ƙasa, ya auna da na'ura, ba ya duba da ido ba. Na'urar sanyaya ɗaki kuma ƙara busar da iska take yi, a san da wannan.

Wani lokaci abin da mutumin ke ɗauke da shi ya fi haka ban mamaki. A Fabrairun 2015, 'yan kwanaki da fitowar ƙaramar kwamfutar nan ta dala 35, Raspberry Pi 2, wani ɗan Ingila mai suna Peter Onion ya lura cewa duk sanda ya ɗauki hoton tasa sai ta mutu. Masu ƙera ta suka bincika suka tabbatar: ɗan guntun da ke daidaita wa ƙwaƙwalwarta wuta ba shi da rufin da ke tare haske, walƙiyar kyamara mai ƙarfi tana rikita shi. Maganin da suka bayar shi ne a manna masa ɗan danƙo. Ranar 23 ga Maris, 2008, sashe na biyu na tashar nukiliya ta Indian Point da ke arewa da birnin Niyok ya tsaya saboda kyamarar da wani ma'aikaci ya kunna dab da allon sarrafa wani famfon ruwa. A 2022 kuma Raymond Chen na Microsoft ya ba da labarin yadda a zamanin Windows XP wani kamfani ya gano cewa waƙar Rhythm Nation ta Janet Jackson tana kashe wasu laftof, har da na kusa waɗanda ba a cikinsu aka kunna ta ba. Akwai wani sauti a waƙar da ya yi daidai da kaɗawar faifan ajiya mai juyi 5,400 a minti. A ce a ofis mutum ɗaya ne ke son wannan waƙa, ai da ya sha suna.

Galibi dai dalilin bai kai wannan armashi ba. Wani a kan katifa ko filo yake ɗora laftof, ramukan iska su toshe, ƙwaƙwalwa ta kai wajen digiri 100 ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wani shi kaɗai ne ke haɗa bidiyo, don haka shi kaɗai ke tona asirin fankar da ƙura ta cika. Wata hita take jonawa a soket ɗin da kwamfuta ke kai. Wani filas ɗinsa ko wayar cajinsa ce ta lalace tana haɗa wuta.

Duk waɗannan ba a gano su daga shago, kuma ba a gano su ta waya. Jon Bentley ya kawo misalin da masu koyar da gyara ke yawan maimaitawa a littafinsa Programming Pearls. A cibiyar binciken IBM ta Yorktown Heights, wani ma'aikaci ya ga in yana zaune yana shiga kwamfutarsa lafiya lau, in ya miƙe tsaye sai ta ƙi karɓar kalmar sirrinsa, kuma kowane lokaci haka, ba fashi. Yaya kwamfuta za ta san mutum yana tsaye ko yana zaune? Aka yi ta zargin waya a ƙarƙashin kafet da tartsatsin jiki. Ashe murafun madannai biyu ne aka musanya. In yana zaune yatsunsa ne ke bugawa da ka ba ya dubawa, in yana tsaye sai ya riƙa kallon haruffan yana bin su, su ɓatar da shi. Wanda ya warware abin bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Tambayar da ya yi ita ce, me mutumin yake yi daban?

Gani ya kori ji. Injiniyan da ya san aikinsa ba ya cewa a tashi a ba shi kujera. Cewa yake, "Hajiya, yi haƙuri, ki ci gaba da aikinki kamar ba na nan," ya koma bayanta ya tsaya, hannuwansa a aljihu. Ya fi kyau ma ya riga ta zuwa, ya ga inda take ajiye jaka da waya, abin da take fara jonawa, yadda take jan kujera. In ido bai kama komai ba, sai ya raba abubuwan da suka cakuɗe. Ta zauna a wani teburi ta shiga da asusunta. Wani ya zauna a teburinta, a kujerarta, ya yi irin aikinta. Ta koma wurinta ta shiga da sabon asusu. Sharaɗin shi ne abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza kujera da caja da soket a rana ɗaya, ko da matsalar ta tafi, bai san abin da ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo daga farko zai fara.

Yadda ake yi wa mutum magana ma yana cikin aikin. Wanda ya ji ana zarginsa zai canza yadda yake aiki in ana kallonsa, ko ya daina kai ƙara gaba ɗaya ya riƙa kunna kwamfutar a ɓoye, shi ke nan an rasa shaidan da ya fi kowa sanin abin da ke faruwa.

Ba a ce ba a samun mai laifi na gaske ba. Ranar 14 ga Fabrairu, 2019, wani tsohon ɗalibin Kwalejin Saint Rose ta Albany a jihar Niyok ya bi kwamfutocin kwalejin guda 66 yana cusa musu wata na'ura mai siffar filas wadda ke tara wuta ta mayar musu da ita da ƙarfi har su ƙone. Kotu ta ɗaure shi wata 12, ta ce ya biya dala 58,471. Amma shi da kansa ya ɗauki bidiyon aika-aikar da wayarsa, kuma kwamfutocin ba tashi suka yi bayan minti biyu ba, ƙonewa suka yi. Ɓarnar ganganci takan bar sawu irin wannan. Shugaban da ya ba ma'aikaci takardar tuhuma kan kwamfutar da ke mutuwa tana tashi, ba tare da an ko buɗe kundin Windows ba, ya yi gaggawa.

Mai karatun da abin ya shafa kuwa, kada ya bari a sayo sabuwa tukuna. Ya ajiye takarda da biro kusa da madannai. Duk sanda allo ya ɗauke, ya rubuta awa da minti, ya rubuta abin da yake yi a lokacin, ko zama ya yi, ko tashi, ko jona wani abu, ko ɗora hannu. Ranar da mai gyara ya zo, ya miƙa masa takardar, ya ce a buɗe Event Viewer a duba waɗannan mintocin.